Karinyan: Inabin da Ya Cika Jiragen Ruwan Aljeriya

  

Yau maganar wani irin inabi za mu yi. Sunansa Karinyan. Ku riƙe sunan nan, Karinyan, don za ku yi ta jin sa har ƙarshen shiri. Inabi ne mai baƙin ɓawo, mai son rana. Ba don a ci ake noma shi ba, don giya ake noma shi.

Na san wani har ya kai hannu zai murɗa rediyo. Dakata, malam. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne. Haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Shirin nan kuma ba talla yake wa kowa ba. Ga abin da ya kawo mu. A tsakiyar ƙarni na 20, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi zuwa waje ita ce Aljeriya. Eh, Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, inda direbobinmu ke bi ta Agadas da Assamaka su ɓulla Tamanrasset. Ƙasar Musulmi, wadda akasarin mutanenta ba sa sha. Yaya aka yi haka ta faru? Rabin amsar yana jikin wannan inabi.

Za mu fara da shukar kanta. Daga nan mu leƙa yadda ake mayar da ita giya. Sai mu tsallaka Aljeriya, inda za mu daɗe. Daga ƙarshe mu ga inda Karinyan yake a yau.

To, kashi na farko: shukar.

Asalin Karinyan daga Sifaniya ne, daga yankin Aragon a arewa maso gabashin ƙasar. Akwai wani gari a can, Karinyena, ba nisa da birnin Saragosa. Sunan garin ne ya bi inabin. A yankin Riyoha kuma Masuwelo suke ce masa. A tsibirin Sardiniya na Italiya, Karinyano. Abin mamaki, a garin nasa na haihuwa yanzu ba shi ne kan gaba ba. Wani irin da ake kira Garnaca ya fi shi yawa a gonakin wurin.

Idan muka ce inabin ƙasar zafi, wane irin zafi muke nufi? A nan sai mun yi hattara. Ƙasashen bakin Bahar Rum suna samun ruwan sama ne a lokacin sanyi. Lokacin zafinsu busasshe ne, rana ƙwal, iska babu laima. Mu kuwa ruwanmu tare da zafi yake zuwa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga Karinyan, domin babban abokin gabarsa fumfuna ce. Wata farar fumfuna ce mai kama ganye da 'ya'ya, ka ga kurangar kamar an yayyafa mata toka. 'Ya'yansa kuma a cunkushe suke a jikin nono, iska ba ta ratsa su. Da laima ta shiga, sai ruɓa. Shi ya sa manominsa ba ya rabuwa da garin farar wuta, yana barbaɗawa tun ganye na ƙanana. Zafi da bushewa yake so. Ku riƙe wannan: zafi da bushewa.

Halinsa na biyu shi ne jinkiri. Yana jinkirin toho, don haka sanyin ƙarshen hunturu da ke ƙona sabon toho ba ya cika samunsa. Yana kuma jinkirin nuna. Sai an gama tsinke wasu ire-iren, shi yana nan a gona har ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Idan aka kai shi ƙasar da zafinta gajere ne, sanyi zai riske shi bai nuna ba.

Rassansa a miƙe suke tashi. Ba lallai sai an kafa masa sanduna da waya ba. Ana datse shi ya tsaya da ƙafarsa, gajeren kututture da rassa kaɗan a kewaye. Amma maƙogwaron nonon, wato wurin da ya maƙale a reshe, tauri gare shi. Ba ya tsinkuwa da hannu, sai da wuƙa ko almakashi. Injin girbi ma yana shan wahala da shi. Kun ga ke nan shuka ce mai cin hannun ma'aikata. Za mu dawo kan wannan idan mun isa Aljeriya.

Sai babban halinsa, wanda ya ɗaukaka shi kuma ya zubar masa da mutunci: haihuwa. Ka sa Karinyan a ƙasa mai taki da danshi, zai iya ba ka lita 20,000 na giya a hekta ɗaya. Lita 20,000, a hekta ɗaya tak. Gonakin da ake ji da giyarsu a Faransa sau da yawa ba sa wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan.

Mu je kashi na biyu: yadda inabi ke zama giya.

Ku zo mu shiga rumfar matsa inabi a kudancin Faransa, da kaka. Ga tarakta ta juye kaya a bakin rami. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka matse tsakanin yatsu. Me ka gani? Ruwan da ya fito kusan fari ne. Jan launin duk a ɓawo yake. Saboda haka mai son jar giya ba ya zubar da ɓawo. Yana murƙushe inabin, ya zuba ruwa da ɓawo da ƙwallo a babban tanki, ya bar su tare kwanaki.

A cikin tankin akwai yis, ƙananan halittun nan da ke sa burodi ya tashi. Yis yana cin sukarin inabi, ya fitar da abu biyu: sinadarin da ke bugarwa, da wata iska mai suna kabon dayoksaid. Iskar ce ke sa tankin ya yi ta kumfa, ta tura ɓawon sama ya taru ya yi tauri. Ma'aikaci sai ya riƙa danna shi ƙasa, ko ya jawo ruwan ƙasa da famfo ya kwarara a kansa. Lissafin mai sauƙi ne. Kimanin giram 17 na sukari a kowace lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na sinadarin bugarwa. Rana mai yawa, sukari mai yawa. Sukari mai yawa, giya mai ƙarfi. Shi ya sa giyar ƙasar zafi ta fi ta ƙasar sanyi ƙarfi.

Masana harkar suna siffanta giyar Karinyan da abu uku: duhun launi, tsami, da ɓauri. Ɓaurin daga wani sinadari yake, tanin, wanda ke cikin ɓawo da ƙwallo. Mai cin goro ya san shi sarai. Wannan bushewar da ke kama harshe da dasashi bayan ka tauna goro, aikin tanin ne. To, Karinyan ɗin da aka bar shi ya yi 'ya'ya barkatai yana da tsami da ɓauri, amma ƙamshi babu. Sai ya fito da kaushi. Don haka ba a cika barinsa shi kaɗai ba. Ana gauraya shi da wasu ire-iren, irin su Garnaca da Sira da Sanso. Haka ake yi a yankunan Korbiyer da Fitu da Minarbuwa na kudancin Faransa.

Akwai kuma wata dabara ta rage ɓaurin. Ba a murƙushe inabin. Ana zuba nonnan yadda suke a tanki, a cika shi da iskar kabon dayoksaid, a rufe ruf. Sai tsimuwa ta fara daga cikin kowace ƙwaya. Abin da ke fitowa ya fi laushi, ya fi ƙamshin 'ya'yan itace.

Kafin mu wuce, ga wata magana ta lafiya. Kun sha jin ana cewa jar giya tana gyara zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Tun 1988 ma cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi. Ja ce ko fara, mai tsada ko mai araha, sinadarin ɗaya ne.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, maganar inabin Karinyan muke yi. Mun iso kashi na uku: Aljeriya.

Labarin ya fara ne da wani ƙwaro. Ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ido ke ganinsa. Sunansa filoksera. Daga Amurka ya shigo Turai, maƙale a jikin saiwar dashe. Yana tsotsar saiwar inabi a ƙarƙashin ƙasa. Manomi ba ya ganin komai, sai ganye ya fara rawaya, bayan 'yan shekaru kuranga ta bushe. A 1868 wani masanin tsirrai na birnin Mompeliye, Jules-Émile Planchon, ya tona saiwa ya gano shi. Amma gano ɓarawo daban, kama shi daban. A 1875 Faransa ta yi giya fiye da lita biliyan 8. Zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da lita biliyan biyu da rabi.

Maganin da aka samu daga baya manomanmu na mangwaro da lemo sun san shi: aure. Saiwar inabin Amurka ba ta jin cizon ƙwaron. Sai a dasa ta, a aura mata reshen inabin Turai a sama. Har gobe kusan duk gonakin inabin Turai a kan saiwar Amurka suke tsaye. Sai dai sake dasa gonakin ƙasa guda aikin shekaru ne, ga mutanen Faransa kuma ba su daina sha ba. Ina za a samo?

Sai ido ya koma tsallaken teku. Faransa ta mamaye Aljeriya tun 1830. Daga 1848 ma ta ɗauki arewacin ƙasar a matsayin wani yanki na Faransa. Ma'ana, kayan da aka loda a tashar Oran ko Aljiyas yana shiga Faransa kamar kayan gida. Manoman kudancin Faransa da ƙwaro ya talauta suka yi ta tsallakawa. Bankuna suka ba da bashi. Ƙasar noma kuwa, an riga an karɓe mai kyan daga hannun masu ita. Wajajen 1880 gonakin inabi a Aljeriya kimanin hekta 20,000 ne. Zuwa shekarun 1930 sun kai kusan hekta 400,000. Ku sake ji: daga 20,000 zuwa 400,000, cikin shekara hamsin.

Da farko zafi ya so ya ɓata musu lissafi. Tsimuwa da kanta tana ɗumama tanki. Idan aka haɗa da zafin kakar Aljeriya, sai yis ya mutu aiki bai ƙare ba, giya ta lalace. Sai da aka shigo da na'urorin sanyaya tanki a ƙarshen ƙarni na 19 sannan harka ta miƙe.

Wane iri suka fi shukawa? Karinyan, da ɗan'uwan tafiyarsa Sanso. Filayen Oran, da Ain Tamushant, da Mustaganim, da tuddan Maskara da Tilimsan, duk zafi da bushewa ne. Abin da Karinyan ke so ke nan. A can ya samu ranar da yake nema, ya nuna sosai, ya yi duhu, ya yi ƙarfi.

Yanzu ku saurari dabarar kasuwar. Manoman kudancin Faransa, da suka sake dasa gonakinsu, sun cika filaye da wani iri mai suna Aramon. Shi ma akwai haihuwa, har ya fi Karinyan. Amma giyarsa salam take, babu launi, babu ƙarfi. Ta Aljeriya kuma ga duhu ga ƙarfi. Sai 'yan kasuwa a tashar jiragen ruwa ta Set da ta Marsel suka riƙa gauraya su. Jirgi ya zo da giya a cikinsa kamar tankar mai, a zuƙe da bututu, a haɗa, a ɗura. Faransawa har suna kiran ta Aljeriya giya likita, wai tana warkar da maras lafiya. Ita ce ma'aikacin masana'anta ke sha da abincin rana. Ita ce aka riƙa raba wa sojojin Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akasarin masu shanta ba su taɓa sanin daga Afirka wani kasonta ya fito ba.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba ko a Faransa. Da giya ta yi yawa, ga ta Aljeriya, ga ta jabu da ake haɗawa da sukari, farashi ya karye. A 1907 manoman yankin Langedok suka yi bore, wani mai suna Marcelin Albert a gaba. A watan Yuni na shekarar, ɗaruruwan dubban mutane suka cika titunan Mompeliye. A garin Narbon sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka.

To, ɗan Aljeriya fa, ina yake a wannan labari? Yana cikin gona, a sunkuye. Kun tuna mun ce Karinyan sai da wuƙa? Datse rassa da hunturu, barbaɗa farar wuta, noma tsakanin layuka, tsinka da kaka, ɗaukar kwando, duk hannu ne. Hannun kuwa na Musulmin ƙasar ne, da 'yan ci-rani daga Maroko. Aikin lada na 'yan watanni, a ƙasar da kakanninsu ke shuka alkama da kiwo. A ganina nan ne ainihin ɗacin labarin. Ƙasa mai kyau ta tafi ga amfanin da mai ƙasar ba ya ci, ba ya sha, ba shi kuma yake sa masa farashi ba.

A wasu shekarun 1930 Aljeriya ta yi giya har kimanin lita biliyan 2. Zuwa 1960, abin da take fitarwa waje ya fi na Faransa da Italiya da Sifaniya idan an haɗa su wuri ɗaya. Giya ce kusan rabin kuɗin duk abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Mai saye kuma kusan ɗaya ne, Faransa.

Sai ga 1962. Aljeriya ta samu 'yanci bayan yaƙin shekara bakwai da 'yan watanni. Turawa kusan miliyan ɗaya suka kwashe nasu ya nasu suka tsallaka teku. Masu gonaki sun tafi, masanan haɗa giya sun tafi, 'yan kaɗan ɗin da ke sha a cikin gida su ma sun tafi. Gonaki suka koma hannun kwamitocin ma'aikata. Sabuwar gwamnati ta wayi gari da tankuna cike da abin da jama'arta ba sa so, amma shi ke kawo kuɗin shiga, shi ke ba dubban iyalai aiki. Faransa ta yi alkawarin ci gaba da saye, manomanta suka matsa mata lamba, ta riƙa ja da baya. Aljeriya ta juya wajen Tarayyar Sobiyat, wadda ta saya na 'yan shekaru a farashi mai rauni. A watan Fabrairun 1971 shugaba Huwari Bumadiyan ya mayar da harkar mai da iskar gas hannun gwamnati, dangantaka da Faransa ta ƙara tsami. Sai aka shiga tumɓuke gonakin inabi, ana mayar da su na hatsi da abincin dabbobi. Yau abin da ya rage ɗan kaɗan ne, a wajajen Maskara da Tilimsan da Madiya. Mai ya maye gurbin giya a tashoshin jiragen ruwa.

Kashi na ƙarshe, masu sauraro: ina Karinyan ya nufa?

Ya bi masu shi ya koma Faransa. Da ma wani matsanancin sanyi a 1956, da wani a 1963, sun kashe gonakin Aramon da yawa. Ga giyar Aljeriya ta yanke, ana neman mai launi da ƙarfi a gida. Turawan da suka dawo sun san Karinyan ciki da bai. Sai aka yi ta dasa shi a Langedok. Zuwa 1988 ya mamaye hekta 167,000. A lokacin babu irin inabin da ya kai shi yawa a duk Faransa.

Sai dai ya makara. Faransawa sun rage shan giyar yau da kullum. Matasa ba sa bin sawun iyayensu. Giya ta yi kwantai a Turai har ana kiran abin tafkin giya. Hukumomin Turai suka riƙa saye ana mayar da ita sinadarin masana'antu. Daga baya suka ce ba za ta saɓu ba, suka fara biyan manomi kuɗi don ya tumɓuke gonarsa. Ku ji fa, a biya ka don ka tumɓuke. Karinyan ne ya fi shan katafila. Zuwa shekara ta 2000 ya sauko ƙasa da hekta 100,000, wani iri mai suna Merlo ya karɓe kambun. Marubutan harkar suka yi ta kushe shi, suna cewa iri ne maras daraja.

Amma wace gona aka fi tumɓukewa? Ta fili, mai sauƙin shiga da tarakta. Wadda ke kan tsauni, a ƙasa mai duwatsu, hannun tsofaffi, da yawa an manta da ita. Kurangar inabi tana iya rayuwa fiye da shekara 100. Idan ta tsufa, saiwarta ta yi zurfi, haihuwarta ta ragu. A ƙasa maras taki, babu ban-ruwa, sai ta yi 'yan nonna kaɗan masu ƙananan ƙwaya. Abin da za ta raba wa goma, ta tara wa biyu. Ɓaurin ya yi laushi, ƙamshi ya fito. Tsamin nan da ake ƙi ya zama abin nema, domin a ƙasar zafi yawancin ire-iren inabi suna rasa tsaminsu kafin su nuna, shi kuwa yana riƙe nasa.

An ga haka a Piriyorat, wani yanki mai tsaunuka a Kataloniya ta Sifaniya. Ƙasar wurin baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle. Gangaren ya yi tsayin da har yanzu wasu da alfadari suke noma. Matasa sun gudu birni, an bar tsofaffin kurangu. A 1989 wasu 'yan tsirarun masu harkar, cikinsu har da René Barbier da Álvaro Palacios, suka yi giyarsu ta farko a wurin. Tsofaffin Karinyan da Garnaca na yankin suka zama abin rububi. Wata kurangar a can ko kilo ɗaya ba ta bayarwa a shekara. Yau giyar Piriyorat tana cikin mafi tsada a Sifaniya.

An ga haka kuma a ƙasar Cile, a Kudancin Amurka. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa garin Cilan a 1939, an ƙarfafa wa ƙananan manoman kwarin Maule gwiwa su dasa Karinyan, don ya ƙara wa giyarsu launi. Shekaru sittin babu wanda ya waiwaye shi. Yanzu masu harkar a can sun kafa ƙungiya mai suna Vigno, da sharuɗɗa a rubuce. Kurangar ta kai aƙalla shekara 30. A bar ta tsaye da ƙafarta. Kada a ba ta ruwa, sai wanda sama ta zubar.